Buroshi ko Gizago: Wanne Matashin Garwa Zai Riƙa?

Tun da aka kafa Jami'ar Garwa a arewacin Kamaru a 2022, aka kuma sa cibiyar koyon fasahar hannu a cikinta, iyaye da samari sun fara yin tambayar da a da sai mai shirin tafiya makarantun fasaha na Fumban ko Nkongsamba yake yi. Yaro yana da hannu, bayan littattafansa cike da dawakai da fuskokin abokai, kowa ya shaida Allah ya yi masa baiwa. To wanne zai sa a gaba, zane da launi, ko sassaƙa da ƙira? Malamai sukan ce ya taɓa duka biyun, kuma a shekarun farko haka ya dace. Amma ranar tana zuwa da kuɗin aljihu da faɗin ɗaki da tsawon yini ba za su ɗauki biyu ba. A ganina hanyar da ta fi gaskiya ita ce a duba yadda duniya ta yi da waɗanda suka riga mu bin kowace hanya, abin da suka ci da abin da ya ci su, sannan a auna da Garwa da Marwa da Kusiri da muke zaune.

Gardamar ta daɗe. Leonardo da Vinci, mutumin Italiya da ya rasu a 1519, ya rubuta a takardunsa cewa masassaƙi yana yini da guduma cikin gumi, ƙurar dutse ta rufe masa fuska, alhali mai zane yana zaune da tufafinsa fes yana juya ɗan buroshi marar nauyi. Michelangelo, wanda Leonardo ya girma da shekara 23, ya ɗauki kansa masassaƙi har ya koma ga Mahaliccinsa, ko da yake shi ya zana rufin ɗakin ibadar Sistin a fadar Paparoma daga 1508 zuwa 1512. Wa ya fi wani daraja, wannan ba ya ciyar da kowa. Abin da ya sami ayyukan Leonardo kansa ya fi maganarsa amfani gare mu.

Mai mulkin Milan, Ludovico Sforza, ya ba shi aikin ƙera doki na tagulla don tunawa da mahaifinsa, doki mai tsayin sama da mita 7. Leonardo ya yi shekaru yana shiga barga yana auna dawakai, ya gina samfurin da yumɓu, aka nuna wa jama'a a 1493, gari ya ɗauka. An tanadi tagulla wajen tan 70. Shekara na zagayowa yaƙi ya ƙwanƙwasa ƙofa, aka kwashe tagullar aka tafi yin igwa da ita. A 1499 sojojin Faransa suka ci Milan, maharbansu suka mai da dokin yumɓun abin gwada hannu har ya lalace. Aikin sama da shekara 10 ya tafi, ba don gwanin ya kasa ba. Shi wannan mutumin yana da wani ɗan allon katako, tsawo santimita 77, faɗi 53, da ya zana wata mata a kai. Bai miƙa shi ga kowa ba, ya yi ta gyara shi shekara da shekaru, da ya koma Faransa a 1516 ya tafi da abinsa. Shi ne Mona Lisa, yana gidan tarihi na Louvre a Paris har gobe.

Wannan shi ne bambanci na farko, kuma shi ya fi nauyi. Babbar sassaƙa kullum tana jiran wani: mai biyan kuɗin dutse ko ƙarfe, mai ba da fili, mai zubi, mai motar ɗauka. Zane kuwa mutum ɗaya yana iya fara shi ya gama shi a ɗakin haya, ya naɗe ya sa a jaka ya hau motar Ngaundare.

Kada wani ya ce ai Leonardo ne bai yi sa'a ba. Dubi Michelangelo, wanda ba a yi kamarsa a dutse ba. Katon dutsen marmarar da ya fitar da siffar Annabi Dawuda daga ciki, tsakanin 1501 da 1504, na hukumar ginin babban cocin Fulorans ne, ya yi shekaru a yashe a farfajiya bayan wasu gwanaye biyu sun taɓa sun bari. Da ya gama, sai da mutum sama da 40 suka yi kwana 4 suna jan sa kafin ya isa dandalin da aka girka shi. A 1505 Paparoma Julius na biyu ya ba shi aikin kabarinsa, da mutum-mutumi wajen 40. Michelangelo ya tafi tsaunukan Karara ya yi wata 8 yana zaɓen duwatsu. Kafin ya fara sara da gaske Paparoma ya sake shawara, kuɗi suka koma ginin coci. Aka yi ta sabunta yarjejeniya da magada, aka yi ta rage aikin, sai a 1545 aka kammala wani ɗan yanki na abin da aka tsara. Shekara 40 wannan kabari yana masa nauyi a wuya.

A Faransa ma haka Auguste Rodin ya sha. Sau uku babbar makarantar fasaha ta Paris ta ƙi ɗaukarsa, ya yi kusan shekara 20 yana aikin adon gine-gine a ƙarƙashin wasu. Da ya fito da siffar wani saurayi a 1877, kyan aikin ya sa aka zarge shi da cewa jikin mutum mai rai ya shafa wa farar ƙasa ya kwafa. A 1880 gwamnati ta ba shi aikin wata babbar ƙofa ta gidan tarihin da ake shirin ginawa. Ginin bai tashi ba, ƙofar kuma ba a zuba ta da tagulla ba sai bayan rasuwarsa a 1917. Siffar marubuci Balzac da ya yi, waɗanda suka sa shi aikin sun ƙi karɓa a 1898, sai a 1939 aka kafa ta a titi. Shi ke nan wanda ya yi suna ya yi kuɗi. Camille Claudel, wadda ta yi aiki tare da shi kuma gwaninta ba ta da shakka, talauci ya hana da yawa daga ayyukanta wuce matakin farar ƙasa, domin zubin tagulla ya fi ƙarfinta. Labarinta yana sosa mini rai duk lokacin da na tuna shi.

Yanzu mu dawo gida. A nan arewa wa yake sa a yi masa babban mutum-mutumi? Magajin gari in zai ƙawata shataletale, gwamnati in an yi wani biki, coci, sai otal jefi-jefi. Ba kullum ba ne, kuma in aikin ya fito masu nema sun fi shi yawa. Ƙananan sassaƙa na giwa da raƙumin dawa da ake jerawa a cibiyar sana'o'in hannu ta Marwa, baƙi masu zuwa yawon buɗe ido Waza da Rumsiki ne kasuwarsu, kuma tun 2013 da rashin tsaro ya yi ƙamari ƙafarsu ta ɗauke. Duk wanda ya san wurin a da ya san abin da nake faɗa. Abin da bai mutu ba shi ne sassaƙar amfanin gida: turmi da taɓarya, kujerar mata, akushi, allo, ƙota, ƙofar katako mai ado. Wannan kasuwa ce mai albarka, kuma wanda ya raina ta bai san sana'a ba. Sai dai icen ƙirya da maɗaci da kanya suna ta ƙaranci, ga dokar gandun daji, ga tsada. Dutsen marmara muna da shi a Bidzar kusa da Figil, har da zanen mutanen dā a jikinsa, amma kayan yanka shi da masu koyar da saransa ba su yawaita a wajenmu ba.

Mai zane ƙofofinsa sun fi yawa. Allon shago, bangon makaranta, jikin babbar mota, rumfar aski, rubutun masallaci, adon falo, hoton amarya da ango, zayyanar allon sauka. Ba aikin da za a kai gidan tarihi ba ne, amma yana sa tukunya a wuta, kuma hannu yana faɗawa da shi. Chéri Samba na Kwango ta nan ya bi. An haife shi a 1956, ya shigo Kinshasa a 1972 ya zama yaron masu rubuta allunan talla, ya buɗe shagonsa a 1975. Yakan rataye zanensa a ƙofar shago, ya rubuta magana a jiki da Lingala da Faransanci, masu wucewa su tsaya su karanta su yi ta muhawara. Sai a 1989 aka gayyace shi wani babban baje koli a Paris, duniya ta san shi. Shekara 14 kafin nan mutanen unguwarsa ne masu kallonsa kuma masu biyansa. Gaskiya ne injin buga manyan alluna ya cinye wani kaso na wannan aiki yanzu, don haka mai zanen yau dole ya iya kwamfuta kamar yadda ya iya buroshi.

Sauƙin shiga zane kuwa shi ne tarkonsa. Tun da kowa yana iya sayen fenti, masu yi suna da yawa, mai saye kuma ba ya gaggawa. Vincent van Gogh ya fara zane da gaske yana ɗan shekara 27, ya yi shekara 10 kacal yana yi, ya bar zanen fentin mai kusan 860. A tsawon wannan lokaci ƙanensa Theo, dillalin zane a Paris, shi yake aika masa kuɗin abinci da haya da fenti duk wata. Cinikin da aka fi sani a rayuwarsa shi ne na 1890, da wata mai zane 'yar Beljiyam, Anna Boch, ta sayi ɗaya a kan faran 400 na wancan zamani. A shekarar ya rasu yana da 37, Theo ya bi shi bayan wata 6. Matar Theo, Johanna, ita ta ɗauki sauran rayuwarta tana kai zanen baje koli, tana rubuta wasiƙu, har sunan ya tashi. Ina so samarinmu su riƙe wannan ɓangare na labarin: sayar da zane aiki ne mai zaman kansa, kuma in ba ka da mai yi maka, kai za ka yi shi, da wayarka da ƙafarka da bakinka.

Akwai maganar da ba ta yiwuwa a tsallake ta a gidan Musulmi, ita ce ta hukuncin siffanta abu mai rai. Ba ni ne mai fatawa ba, kowa ya zauna gaban malaminsa. Abin da yake sananne a mazhabar Malikiyya da muke bi shi ne an fi tsanantawa kan siffar mutum ko dabba mai jiki, cikakkiyar gaɓoɓi, wadda take da inuwa. Zanen da yake shimfiɗe a takarda ko bango hukuncinsa bai kai nan ba, itatuwa da gine-gine da rubutu da ado kuwa babu damuwa a kansu. Ke nan a wannan ma'auni ma mai zane ya fi samun sarari, a gida da wajen surukai da cikin zuciyarsa. Saurayin da zai yi shekara 40 yana sana'ar da ransa bai kwanta da ita ba, ko wadda mahaifinsa yake kau da kai in an ambace ta, ya yi tunani tun yanzu.

Wanda ya fi dacewa mu yi nazarinsa a nan shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya yi karatu a Khartum, ya tafi makarantar Slade a Landan daga 1954 zuwa 1957, ya dawo da zane irin na Turawa ya baje. Mutanen garinsu suka zo buɗewa, suka sha lemo, ba su sake komowa ba. Bai ce jama'a ba su waye ba. Ya shiga gidaje ya duba me suke ratayewa a bango, ya ga rubutun ayoyi ne da adon tabarma da faifai da fata. Sai ya koma ga alƙalami da tawadar da ya tashi da su, ya fara jan baƙaƙen Larabci yana buɗe su har siffofi suka riƙa fitowa daga cikinsu. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kober wata 6 ba shari'a. A can ma bai daina ba, yana zane a gutsattsarin takardar buhun siminti, yana binnewa a yashi kada masu gadi su gani. Masassaƙi da aka kulle haka hannunsa ya tsaya ke nan. Daga baya ya yi jerin zane masu yawa kan itacen da suke kira haraz, wato gawonmu, wanda yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. A 2013 gidan baje kolin fasaha na Tate Modern a Landan ya baje aikin rayuwarsa gaba ɗaya, shi ne ɗan Afirka na farko da aka yi wa haka a wurin. Duk almajirin da ya taɓa wanke allo a Marwa ko Njamena yana riƙe da irin jarin da wannan bawan Allah ya fara da shi.

A ƙasarmu ma akwai Ibrahim Njoya na Fumban, wanda ya rasu a 1962. Ya yi wa Sarki Njoya hidima wajen rubutun Bamun, ya zana jerin sarakuna da taswirar ƙasar da tawada da fensir mai launi, yana kewaye su da adon da ya ɗauko daga saƙa da sassaƙar mutanensa. Da Faransawa suka karya ikon fada, takarda da alƙalami suka ci gaba da tafiya da shi.

Duk da haka ba zan ce wa kowa ya ajiye gizago ba, domin akwai mutanen da shimfiɗaɗɗen abu ba ya gamsar da su, sai sun zagaya abu sun taɓa bayansa. Kuma ƙasar nan ta masu gini da yumɓu ce tun asali: siffofin ƙasa na mutanen Sao da aka tono a bakin Shari da Logon, ɗakunan Musgum na wajen Pus, tukwanen matan Gawi kusa da Njamena da adon bangonsu. Masassaƙan Afirka da suka yi nasara a zamaninmu, in ka duba, yawancinsu sun tsere wa tarkon da ya kama Leonardo ne ta hanyar canza kayan aiki.

Ousmane Sow na Senegal, haifaffen Dakar a 1935, sana'arsa gashin ƙashi da motsa gaɓoɓin majinyata a asibiti. Da ita ya ci abinci, da ita ya san jikin ɗan Adam tsoka bayan tsoka. Bai nuna aikinsa a fili ba sai 1987, yana da shekara sama da 50. Ƙarfen rodi yake lanƙwasawa ya yi ƙashi, ya naɗa ciyawa da algarara, ya shafe da wani haɗin ƙasa da gam da ya ƙirƙiro da kansa. Da haka ya gina 'yan kokawar Nuba, da Masai, da Fulani makiyaya, duk sun fi mutum girma. A 1999 aka jera su a wata gada a tsakiyar Paris, mutum wajen miliyan 3 suka je kallo. A Duwala, Joseph-Francis Sumégné ya tara tarkacen motoci da tsofaffin ƙarafa ya tayar da siffa mai tsayin mita 12 a shataletalen Deido a 1996. An yi ta cece-kuce a kanta da farko, yau ita ce alamar birnin. El Anatsui, ɗan Gana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka ta Najeriya a 1975, marafan kwalabe yake bajewa a ɗinke su da wayar jan ƙarfe su zama wani makeken mayafi mai sheƙi da yake rufe bango. Babu siffar mutum ko dabba a ciki, kuma ana ninke shi a sa a akwati. Ya warware matsalar kuɗin kaya da ta ɗauka da ta hukunci a lokaci guda, sai dai aikin yana cin hannun mataimaka da yawa.

'Yan matanmu kuma su dubi bayan naira 20, wadda duk mai ciniki a Mubi ko Gamboru ya riƙe. Matar da take gina tukunya a jiki ita ce Ladi Kwali. Wajen gwaggonta ta koyi ginin tukwane, ta shiga cibiyar koyon ginin tangaran ta Abuja ta dā, wato Suleja ta yau, a 1954, ta zagaya Turai da Amurka tana nuna gwaninta. Yumɓu ba ya neman izinin magajin gari.

Sauran abin dubawa jiki ne da yanayi. Zafin Maris da Afrilu a Garwa yana haura digiri 40, sara da walda a cikinsa ba wasa ba ne, ƙurar dutse da ta katako kuma tana taruwa a ƙirji in ba a rufe hanci ba. Mai zane nasa ciwon ido ne da baya, da warin sinadarin tsinka fenti a rufaffen ɗaki. Ƙurar hunturu tana manne wa fentin mai tun bai bushe ba, shi ya sa fentin ruwa mai saurin bushewa ya fi dacewa da mu. Gara kuwa ba ta zaɓe, tana cin katako tana cin yadi tana cin takarda.

Ga inda na tsaya. Saurayi ko budurwar da ba ta da mai ɗaukar nauyi, ba fili, kuma ana jiran ta kawo wani abu gida, ta riƙi zane. Ya fi arha a fara, ya fi ƙofofin samu, ya fi sauƙin zama da iyaye da malamai, kuma ba ya ɓata ko da an koma sassaƙa daga baya, domin Michelangelo kansa a shagon mai zane Ghirlandaio aka fara ajiye shi a 1488, yana ɗan shekara 13. Wanda kuwa ya gwada ya ga hannunsa ba ya samun natsuwa sai a abu mai kauri, kada ya zauna jiran marmara ko tagulla ko kwangilar gwamnati. Ya nemi sana'ar da za ta riƙe shi tukuna, kamar yadda Sow ya yi, kuma zai fi kyau ta kasance mai kusa da abin da yake so: walda, kafinta, ko zubin tukwanen alminiyam, inda zai koyi yin ƙwarya da yashi da narka ƙarfe a kuɗin maigidansa. Ya ɗebo yumɓu a bakin Binuwai bayan ruwa ya janye, ya saba da 'yan gwangwan, ya fara da abin da mutum ɗaya zai iya ɗagawa ya ɗora a bayan babur. Kowane aiki ya gama, ya ɗauke shi hoto ta gaba da baya da gefe da hasken safe, ya rubuta tsawonsa da shekarar da ya yi shi a littafi, domin mai saye na Duwala ko Yawunde ko Dakar hoton zai fara gani a waya kafin ya yi maganar kuɗin mota.